Ilimin Tattalin Gida da Matsayinsa a Babbar Makaranta: Misali Daga Ƙasar Janbako

Akwai wani fanni na ilimi da ɗalibai da yawa suke yi wa kallon raini, har sukan kira shi "karatun girki". Wannan fanni shi ne ilimin tattalin gida, wanda ya tattara abubuwa uku: zaman iyali da renon yara, abinci da gina jiki, sa'an nan sutura da sana'arta. A Amurka ya fara samun gindin zama a manyan makarantu, ta hannun Ellen Swallow Richards, masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai, wadda ta jagoranci tarurrukan Lake Placid daga 1899, har aka kafa ƙungiyar masana fannin a 1909. Abin lura shi ne, matar da ta aza harsashin ba kuku ba ce. Aikinta binciken tsabtar ruwa ne da abinci.

To, me ya haɗa wannan da Janbako, garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, a yankin da ya haɗa Talata Mafara da Bakura? Amsar tana cikin tukunya. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Injiniyoyi sun auna ruwa, masana aikin gona sun auna kadada, amma ba a cika tambayar abin da zai sauya a cikin akushi ba. Da ambaliyar damina ta ragu a fadamun da ke ƙasa da madatsar, noman shinkafa ya ja baya a wurare da dama, manoma suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Kifin da ya ɓace daga miya ba ya fitowa a rahoton injiniya, sai dai a jikin yaron da aka yaye.

A nan ne fannin abinci yake da aiki. Gero da dawa suna ba da ƙarfi, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsu bai cika ba. Wake shi ke cike giɓin, haka ma gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa. Kuka da zogale kuwa suna kawo abin da tuwo ba ya kawowa. Watau maganin tamowa, sau da yawa, yana cikin rumbun maigida da bayan ɗakin uwargida, ba a kanti ba. Sai dai sanin wannan a littafi daban, shigar da shi cikin kunun yaye daban. Wanda zai yi aikin dole ya san wa ke riƙe da mabuɗin rumbu, wa ke awo, wa ake fara zuba wa nama, da kuma abin da kaka ta hana a ba jikanta.

Misali na biyu ya fi wannan tsanani. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi nazarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa. Ba da mugun nufi uwa take dama wa 'yarta kunun kanwa ba. So take ta warke, nono ya kawo. Saboda haka ma'aikaciyar da za ta shiga gida ta ce a rage kanwa, in ba ta san ma'anar jego a wurin Bahaushiya ba, za a ba ta tabarma da ruwa, a saurare ta da ladabi, in ta fita a ci gaba da damu.

Hakanan abin da ya auku a 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400. A cikin gidaje ake dakan duwatsun zinariya, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi, yara kuma suna rarrafe a cikin ƙurar. Masifar daga rami ta fito, amma a tsakar gida ta yi kisa.

Game da sutura, zancen gajere ne. Zamfara ƙasar auduga ce, ta kaɗi da saƙa da rini, ta kuma taɓa samun masaƙa ta zamani a Gusau kafin ta rufe. Ɗinki da saƙar hula har yanzu suna cikin sana'o'in da mace take yi ba tare da ta bar gidanta ba, kuma kuɗinsu a miya da maganin yara suke ƙarewa.

Duk wannan shi ya sa ya fi dacewa a koyi fannin a makarantar da ɗalibi zai haɗa shi da harshe da tarihi da nazarin zaman jama'a, kamar yadda ake yi a kwalejojin ilimi mai faɗi na Amurka, maimakon a keɓe shi a ɗakin girki. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda aka keɓe wa mata. Dabarar isar da shi kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis da suke bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu, da harshen da suke ji. Ɗalibar da ta fito daga Gusau aka tura ta Janbako, ƙofar da jajis suka bi ita za ta bi: ta yi sallama a zaure, ta fara da gaida tsohuwar gidan.