Wa Ke Katse Masoyan Nan?

A wani daren Disamba na kalli fina-finan soyayya uku a jere, duk na tashar Hallmark ta Amurka. A na farko, wata ma'aikaciyar babban birni ta koma garinsu hutun Kirsimeti, ta tarar gidan burodin iyayenta na neman durƙushewa, ta kuma haɗu da wani kafinta mai sanyin hali. A na biyu gona ce za a sayar. A na uku masaukin baƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk sanda masoyan suka matso kusa za su faɗi abin da ke zuci, sai waya ta yi ƙara, ko yaro ya faɗo ɗakin a guje. Sau uku a dare ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ke katse su?

Wanda na fara zargi shi ne marubuci. Na ce lallai mutum ɗaya ne ke rubuta su duka, yana sauya wa labari riga. Na jira ƙarshen kowane fim, na bi sunayen da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Marubutan daban, daraktocin daban. To wa ya haɗa bakinsu?

Sai na koma kan kuɗi. Akan ɗauki irin wannan fim cikin kwana 15 ko kusa da haka, a kan kimanin dala miliyan 2, abin da bai kai cefanen babban fim ɗin Hollywood ba. Da yawa a Kanada ake ɗauka, a kewayen Vancouver, saboda rangwamen haraji. Wasu ma da tsakar zafi ake yin su. Ka lura da kyau: ƙanƙara ta rufe ko'ina, jaruma ta sha rigar sanyi, amma ba tururin da ke fita daga bakinta. Ƙanƙarar ta bogi ce. Na ce shi ke nan, gaggawa ce da tsimi. Amma tsimi bai san lokacin da waya za ta yi ƙara ba.

Ko kunya ce? Tashar ta iyali ce, kaka da jika na iya kallo tare ba wanda zai sunkuyar da kai. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ake jan rai har ƙarshe. Bai bayyana dalilin da ya sa katsewar ke zuwa a kan ƙa'ida ba.

Sai na ɗauko agogo.

Suka matso. Waya ta yi ƙara. Allo ya yi duhu. Na duba lokaci. Na sa fim na biyu. Suka matso. Yaro ya shigo. Allo ya sake duhu.

Me ke biyo bayan duhun?

Talla.

Ga ɓarawon. Fim ɗin bai wuce minti 85 ba, amma awa 2 aka ware masa, ragowar ta masu talla ce. Don haka ake yanka labarin kashi 9, kuma dole kowane kashi ya ƙare da abin da zai hana ka sauya tasha. Kowane marubuci aka ɗauka, wannan ma'aunin ake miƙa masa. Wayar da ta yi ƙara ƙugiya ce, mai kallo kuwa shi ne kifin.

Saura ƙulli ɗaya. Talla ta sa a katse, amma me ya sa ƙarshen ba ya taɓa sauyawa? Amsar na cikin sunan tashar. A 1910 wani saurayi ɗan shekara 18, Joyce Hall, ya sauka a Kansas City da katunan wasiƙa masu hotuna cikin kwalayen takalmi. Daga nan kamfanin katunan gaisuwa na Hallmark ya tsiro. Tashar ta fara da wannan suna a 2001, jerin fina-finan Kirsimeti ya kankama a 2009, har ta kai ana fitar da sababbi kusan 40 a kaka guda.

Ashe fim ɗin katin gaisuwa ne mai motsi. Ba wanda ke buɗe katin gaisuwa yana fargabar mugun labari. Wanda ya wuni cikin hayaniyar aiki da damuwar bashi, ko yake kewar wanda ya rasa, yana zama gaban allo da tabbaci ɗaya: gidan burodin zai tsira, masoyan za su daidaita. Maimaicin alkawari ne, kuma ana cika shi kowane dare.

Mu ma mun san daɗin wannan. Tun kafin kaka ta buɗe baki mun san Gizo zai yi dabara kuma asirinsa zai tonu. Bai taɓa hana mu matsowa kusa da tabarmarta muna cewa a ƙara mana ba.