Hawan Dutsen Kwatarkwashi

(Kiɗan buɗe shiri)

Mutanen Rawayya, Gusau, Tsafe da Bunguɗu, kowa ya gyara takalminsa, yau dutse za mu hau.

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san wurin. Kana wuce Tsafe, duwatsu na raka ka dama da hagu, can sai ka hango wani ƙato ya tokare sama, ga gari kwance a gindinsa. Kwatarkwashi ke nan, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara. Fasinja su gyara zama, su ce an kusa Gusau. Da yawanmu iyakar saninmu da shi ke nan. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

(Kiɗa)

Mai niyyar hawan irin wannan dutse, da ya idar da sallar asuba yake kama hanya. Dalili kuwa rana. Da hantsi ya dubi ludayi, dutsen ya fara ɗaukar zafi, kafin azahar tafin hannu ba ya iya dafa shi. Da farko tafiyar ba wuya: gonaki, sai manyan duwatsun da suka gangaro tun zamanin da, sai ƙaya mai kama riga. Rema ta leƙo daga tsaga, ta koma. Kana tafe kana hira.

Inda hira ke ƙarewa shi ne falalen dutse. Nan babu itacen kamawa, babu matakala. Ka sunkuya, hannu ya taya ƙafa aiki. Numfashi ya fara fita da ƙara, cinya ta ɗauki zafi, gorar ruwan da ka raina a ƙasa ta zama kaya. A wasu wurare fatar dutsen na ɓamɓarewa falle-falle, saboda shekaru aru-aru na zafin rana da sanyin dare da ruwan sama. Ka taka irin wannan ɓawo ba ka gwada shi ba, ya tafi da kai. Silifas ba ya wannan aiki. Da damina kuwa, in gansakuka ta sha ruwa, santsinta ba ya sallama.

Sai ka ɗaga kai ka ga ƙarshen dutse ya haɗu da sama, ka ce Alhamdulillahi, an iso. Ka hau, ashe kafaɗa ce, ga wata a gaba. A nan ne ake gane mai haƙuri da mai garaje.

(Kiɗa)

Wanda Allah ya kai shi sama, iska ce ke fara yi masa maraba. Motocin kan titi su koma ƙanana, mikiya da kake ɗaga kai ka gani tana shawagi kusa da kai. Dama Kwatarkwashi ta yi suna da mikiyoyinta, da kuma wasan Baura da aka gada tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar.

Daga can ne mutum ke fahimtar abin da ya sa kakanninmu suka zauna a jikin duwatsu. Ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Mai tsaye a sama yana hango ƙurar dawaki tun tana nesa, doki kuma ba ya hawan fa.

Filin da kake kallo a ƙasa ma ya ga tarihi. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar komowa aka rabu, Waziri Ahmadu ya ja runduna ya nufi gida. Kafin watan ya ƙare suka yi karo da sojan Turawa ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright a kusa da Kwatarkwashi. Dawaki suka yi ta kai hari cikin ruwan harsashi, Waziri ya faɗi a nan. Shi ne har gobe Kanawa ke kira Mai Shahada.

Sai saukowa. Masu hawan dutse sun san ta fi hawa haɗari. Ƙarfi ya ƙare, gwiwa na rawa, ido na kallon rami. Wani wuri dole ka zauna ka riƙa jan jiki, kuma babu abin kunya a ciki.

(Kiɗa)

Yanzu mu leƙa waje, mu ga yadda abin yake a inda dutse ya kai dutse. A ƙasar Tanzaniya akwai Kilimanjaro, mafi tsawo a Afirka, mita 5,895. Masu bin hanyar Marangu suna kwana a bukkoki uku da aka gina don matafiya: Mandara, Horombo, sai Kibo. Bukkar Kibo tana sama da mita 4,700, a wani fako da ba itace ba rafi. Ana isa da rana, a ɗan ci abinci, a kwanta, ko da yake barci ba ya samuwa sosai.

Wajen tsakar dare jagora ya tashe ku. Kowa ya ɗaura fitila a goshi, a jeru, a fara taku ɗaya-ɗaya. Me ya sa da dare? Sanyi kan daskarar da tsakuwar da ke zamewa, ƙafa ta fi samun wurin kamawa, sannan ana so a kai sama da fitowar rana, a sami lokacin saukowa. Tsakanin bukkar da ƙololuwar Uhuru akwai hawan kusan mita 1,200, tafiyar awa shida zuwa takwas. Iskar da ake shaƙa a can kusan rabin ta bakin teku ce, shi ya sa kai ke sarawa, zuciya na tashi, ƙato ya yi taku goma ya tsaya. Wanda jiri ya kwashe shi, maganinsa guda ne: a sauko da shi nan take.

Mu ma a Najeriya muna da namu. Chappal Waddi a jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, mita 2,419, shi ne mafi tsawo a ƙasar nan.

Ga abin lura, masu sauraro. A Kilimanjaro doka ba ta yarda baƙo ya hau shi kaɗai ba, sai da jagora mai rajista. Da wannan jagorori da 'yan dako da masu dafa abinci ke ciyar da iyalansu. Abin da suke sayarwa sanin hanya ne.

Mu ma muna da masu wannan sani. Maharba da dattawan gindin dutse sun san inda ake bi, inda ruwa ke kwanciya, inda ƙudan zuma ke da gida, inda ba a takawa. Sai dai matsalar tsaro ta sa ƙafa ta ɗauke daga dazuka da duwatsunmu, kuma hanyar da ba a bi, mantawa ake yi da ita. Kafin Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya kamata matasa da malaman tarihi su zauna da waɗannan dattawa, su naɗi abin da ke bakinsu.

Wanda kuma ke da niyyar hawa, ya fara da gaida fada, ya ji ta bakin jami'an tsaro. In an ce a dakata, a dakata. In an ba da izini, ya nemi ɗan gari ya shige gaba, ya ɗauki ruwa isasshe, ya sanar da gida lokacin da zai dawo.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya zaunar da Zamfara lafiya. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)