Gidan Cacar da Ba Ya Rufewa

A watan Janairun 2024 wani jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas ya fara ɗaukar fasinja daga tashar Miyami ta Amurka. In ya cika maƙil yana ɗaukar mutum 7,600, ban da ma'aikata. Irin waɗannan jirage don shaƙatawa ake hawansu: ga ɗakunan kwana, ga wuraren cin abinci da na ninƙaya, ga kuma gidan caca a ciki. Galibi muddin jirgi na tsaye a tasha gidan cacar a kulle yake. Sai an nausa cikin teku, an fita daga ruwan da dokar ƙasa ke iko da shi, sannan a buɗe ƙofa.

Shawarwarin da ake ba sabon shiga a can ba su da yawa. Ka ware kuɗin da ka yarda su salwanta tun kafin ka zauna. In sun ƙare ka tashi, kada ka ce sai ka rama. Ka yi hattara da katin ɗakinka, domin a jirgi da shi ake biyan komai, kuma kuɗin da hannu bai ƙirga ba ba a jin zafin fitarsu. Duk wanda ya natsu zai ga cewa waɗannan shawarwari sun riga sun amsa cewa asara za a yi, iyakarta kawai ake nema mata.

Dalilin yana cikin lissafi. Akwai wani faifai da ake juyawa a jefa masa 'yar ƙwallo, ana ce masa rulet. Na Turai gurbi 37 gare shi, daga 0 zuwa 36. In ka canki lamba ɗaya ta fito, ninki 35 za a ba ka a kan kuɗinka, alhali adalci shi ne 36. Wannan ɗan gibin yana nufin a kowace naira 100 da aka zuba, a daɗe ana yi, naira 2 da kwabo 70 na mai gida ne. Na Amurka gurbi 38 ne, rabon mai gida ya haura naira 5. Ba ya buƙatar yin maguɗi. Haƙuri kawai yake yi, jama'a su yi ta juyawa.

Mu a Maƙera ba mu da teku. Kogin Kaduna ne a arewa da mu, shi ma jiragensa kwalekwale ne. Amma wannan lissafin yana nan a bakin titinmu, kuma namu ya fi na jirgi tsanani.

Na tashi a unguwar nan lokacin da jiniyar masaƙu ke tsara wa mutane yini. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, da UNTL da Arewa, su suka cika Kakuri da Maƙera da ma'aikata daga kowace kusurwar ƙasar nan. Ko a wancan zamani akwai caca. Akwai 'yan karta a lungu, akwai masu ful da ke cike takarda suna cankar ƙungiyoyin Ingila da za su yi kunnen doki ranar Asabar. Sai dai mai ful mako guda yake jira kafin ya san makomarsa, kuma ƙarshen wata albashi na nan tafe. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Jikokin waɗancan ma'aikata su ne yau a kan Keke, a garejin kanikanci, ko a zaune ba aikin fari ba na baƙi. A kansu cacar ƙwallo ta sauka: NairaBet a 2009, Bet9ja a 2013, wasu suka biyo baya, ga kuma cacar lambobi ta Baba Ijebu da ta riga su.

Shiga ɗaya daga shagunan da yammacin Asabar ka gani. Benci biyu, talabijin a bango, janareto na ruri a waje, wani yaro a bayan kanta yana buga lambobi. Ƙasa kuwa fari fat da tikitoci, irin siririyar takardar nan da rubutunta ke dushewa in ta kwana biyu a aljihu. Ɗan maƙwabcina, mai tuƙa Keke, ya taɓa miƙo mini tasa, ta kusa kai tsawon kamu ɗaya. Ya ce, "Baba, dubi nan. Wasa ɗaya ne fa ya yanke ni, tara duk sun shiga." Kuɗin balas ɗin da zai kai wa mai Keken ne ya taɓa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskarsa: babu alamar wanda ya yi asara, murnar wanda ya kusa ci ce.

Na ce masa, zauna ɗana mu yi lissafi. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan. Adalci shi ne in ka sa naira 100 ka ci, a ba ka 200. Amma a ce od ɗin da aka rubuta 1.90 ne, wato 190 za ka karɓa. Kashi 5 cikin ɗari ya tafi ke nan, kusan daidai da faifan Amurka. To, ba a nan gizo ke saƙar ba. In ka jera irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, damar duk su shiga ɗaya ce cikin 1,024. Da adalci za a bi, naira 100 ɗinka ta zama 102,400. Abin da tikitin zai nuna bai wuce 61,310 ba. Kashi 40 cikin ɗari ya zauna a wurin mai shago tun ba a take leda ba, kuma ƙarin da ake yi wa dogon tikiti daga cikin wannan gibin ake yago shi. Tara cikin goma kuwa, a irin wannan lissafi, ya ninka goma cikin goma sau 10 wajen yawan faruwa. Shi ya sa kowa a unguwa yake da labarin wasa ɗaya da ya yanke shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wasan kwamfuta da samari ke kira bebi. Babu 'yan wasa, babu fili, na'ura ce ke fitar da sakamako cikin 'yan mintoci ta sake sabo. Duk sanin ƙwallon da yaro ke taƙama da shi ba ya aiki a nan. Kuma yanzu ko shagon ba sai an je ba. Fasinjan jirgi bayan mako guda yake sauka ya koma gida, teburin ya tsaya a teku. Yaronmu da nasa teburin yake kwana a ƙarƙashin matashin kai, asusunsa na banki a haɗe da shi, wato ainihin katin ɗakin nan da ake gargaɗin baƙi a kansa.

Hukuncin addini ba ɓoyayye ba ne. Yana nan a Suratul Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90, maƙwabtanmu Kirista ma fastocinsu na yin wa'azi a kai. Amma wanda abin ya riga ya kama, tsawa kaɗai ba ta sakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma alamunta a gida ake fara ganinsu: bashi ƙanana-ƙanana, waya ta ɓace a ce an sace, fushi ranar Lahadi da dare.

A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke aiki da dokar caca ta tarayya ta 2005 a jihohi, ta ce hurumin nasu ne. Ke nan maganar tana hannun gwamnati da majalisar Kaduna. Bin hanyar Kano a nan da wuya: Maƙera unguwa ce ta Musulmi da Kirista, kuma kulle shago ba ya kulle waya, na sani. Duk da haka akwai abin da za a iya yi gobe: a tilasta duba shekaru, don ina ganin yaran da ba su kai 18 ba a kan bencin nan da rigar makaranta, a nisanta shagunan daga makarantu, a wajabta wa kowane kamfani ya ba mutum damar toshe asusunsa da kansa, kuma a rubuta yadda ake yi da Hausa a bangon shago.