Idan Rumfar Ƙanin Kansila Ta Zo Gaban Majalisa

Wanda ya karanta ayyukan da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi zai ce don Hausawan Agege aka tsara su: kasuwanni, tashoshin mota, wuraren yanka, lasisin baro da amalanke da keke, shaguna da rumfuna, gidajen wanka da bahaya, har maƙabartu. In ka cire waɗannan, me ya rage na abincinmu daga Sango zuwa Oko-Oba? Goro da jirgin ƙasa suka zaunar da kakanninmu a nan, mu kuma har gobe a kasuwa muke kwana muke tashi.

Shi ya sa duk lokacin zaɓe, kamar wanda aka yi ranar 12 ga Yulin 2025 na shugabanni 57 da kansiloli 376 a jihar Legas, maganarmu ɗaya ce: a ba mu namu. Ni ma ina cikin masu faɗa. Amma namu ɗin nan ba daga sama zai faɗo ba. Ɗan wani ne, surukin wani, kuma da wuya a ce ba shi da rumfa.

A ce mun samu. Sai ga shi majalisar kansiloli za ta ƙara kuɗin rumfa, ko ta amince a rushe wani layi na kasuwa a gina shaguna na zamani. Ƙanin kansilan namu na da rumfa uku a layin. Matarsa na sayar da abinci a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu ne a matsayin wakilin mazaɓa, ko a matsayin yaya kuma maigida? Ko shi kansa ba lallai ya iya rarrabewa ba, balle mu da ke waje.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin ta ambaci shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatansu, kuma sakin layinta na farko ya hana jami'i ya sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. Dole ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da zarar ya kama aiki, da kuma ranar sauka. Mai aiki na cikakken lokaci ba zai gudanar da kasuwanci ba, sai dai noma. Kotun ɗa'a na iya tsige shi, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta wannan hanya. Dokar hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta 2000 ta fi zafi: wanda ya yi amfani da kujerarsa ya fifita kansa ko ɗan'uwansa ko abokinsa, ɗaurin shekara 5 ne babu zaɓin tara. Tun kafin wannan duka, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa karɓar gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙ.

Inda nake ganin giɓi shi ne ranar zaman kanta. Hukunci na zuwa ne bayan an yi ɓarna. Me kansila zai yi da safiyar da maganar rumfar ƙaninsa ta shigo ajanda?

A Ingila sun tsara wannan dalla-dalla cikin wata doka ta 2011. Kansila na da kwana 28 daga kama aiki ya rubuta sana'arsa, filayensa, kwangilolinsa da majalisar, har da na matarsa, a rajistar da kowa zai iya dubawa. Idan magana ta shafi aljihunsa, ba ya muhawara, ba ya ƙuri'a. Wanda ya karya da gangan, laifi ne da kotu za ta iya hana shi kujera har shekara 5. Sai dai sun bar ƙofa: yana iya neman izini a rubuce, majalisa ta sahale masa ya yi magana, ko ya yi ƙuri'a, ko duka biyun, na wani lokaci da bai wuce shekara 4 ba. Ana ba da izinin idan masu fita za su yi yawa har aiki ya tsaya, ko idan zamansa zai amfani mutanen yankin.

Wannan ƙofar ita ta fi dacewa da mu. Idan za a yi dokar mahauta, wa ya fi ɗan mahauta sanin abin da ke tsakanin mai shanu, dillali da mai fiɗa? A kore shi daga ɗakin, waɗanda ba su taɓa riƙe wuƙa ba su yanke mana hukunci. A bar shi ya yi yadda ya so kuma, an ba kura ajiyar nama. A ra'ayina, ya miƙe ya faɗi abin da yake da shi a wurin, magatakarda ya rubuta, ya ba da bayaninsa, sannan ya fita kafin a ƙirga hannu. Wannan ma kariya ce gare shi. Gobe idan dangi suka zo da "ai kai namu ne", yana da amsa: hannuna ba ya ciki.

Maganar ta ƙara nauyi tun 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, duk da aiwatarwar na jan ƙafa. Kuɗi na ƙaruwa, kwangilar kwata da rijiyar burtsatse na ƙaruwa, 'yan'uwa masu kamfani ma haka.

Don haka ɗan takara na gaba da zai zo gaisuwa fadar Sarkin Hausawa ko ƙofar masallaci, kafin a yi masa addu'a a tambaye shi a gaban jama'a: rumfa nawa gare ka, a wace kasuwa, kuma da sunan wa?