Tabar naɗi mai ƙarfi: abin da ya kamata ku sani kafin a miƙo muku

Duk mai riƙe da babbar waya a Mubi ya taɓa cin karo da hoton: mawaƙi ko ɗan ƙwallo a kishingiɗe, a hannunsa wata taba ruwan ƙasa mai kaurin babban yatsa, da zoben takarda mai ruwan zinare a wuyanta. Turawa na ce mata siga. Ban da zoben, ba takarda a jikinta, ba audugar tacewa a gindinta. Ganyen taba ne zalla aka naɗe da hannu, don haka mu kira ta tabar naɗi. Ba hajar mai tireda ba ce. A jakar matafiyi takan shigo, tsarabar Dubai ko Legas ko Abuja, kuma da zance biyu masu daɗin ji take zuwa. Na ɗaya, wai ƙananan masu sana'a ne suka yi ta da hannunsu. Na biyu, wai tunda ba a jan hayaƙinta zuwa huhu, ba ta da illar sigari. Akwai gaskiya a zancen farko. Na biyun ne ya hana ni yin shiru.

Kara ɗaya kashi uku ne: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure shi, da rigar waje mai santsi wadda ido ke gani. Bayan an tsinko ganye, sai a rataye shi a rumfa makonni da dama har ya bar kore ya koma ruwan ƙasa. Daga nan a yayyafa masa ruwa, a jibge shi tuli guda, a rufe. Tulin yakan ɗau zafi da kansa, kamar kalwar da aka rufe za ta zama daddawa, ana juya shi lokaci-lokaci don kada ya ƙone. Wannan ruɓin ne ke kashe ɗaci da warin ganye. Sai kuma a ajiye shi ya kwana biyu, wani shekara biyu, wani fiye, kafin ya isa teburin mai naɗi. Aiki ne na haƙuri da gwaninta, ba na musun wannan.

To, mene ne ƙarfin da ake yabo? Amsar tana jikin shukar. Sinadarin nikotin a saiwa yake samuwa, ya hau ya taru a ganye. Ganyen ƙasa sirara ne, sun fi saurin ci da wuta. Na tsakiya su ke ba da ƙamshi. Na can sama, waɗanda masu sana'ar ke kira lihero da Sifaniyanci, su suka fi shan rana, suka fi daɗewa a kan kara, suka fi kauri da maiƙo, kuma su suka fi nikotin. Manomi yakan ma datse furen shukar don duk abincinta ya koma ganye, furen nan da kakanninmu mata ke goga wa haƙora da goro. Idan aka ce muku taba mai cikakken jiki ce, galibi ana nufin an cusa ganyen saman nan da yawa a tsakiyarta. Gwanayen abin sukan rarrabe tsakanin nauyin hayaƙi a baki da bugun nikotin a jiki, amma sabon shiga bai kamata ya dogara da wannan bambanci ba, don sau da yawa tare suke tafiya.

Ƙananan masu sana'ar kuwa tarihinsu daga Kyuba ya faro. Bayan juyin juya halin 1959 gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun taba, Amurka kuma ta hana shigar kayan Kyuba a 1962. Iyalai da dama suka fice da irinsu da iliminsu zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaragwa. Garin Esteli na Nikaragwa, mai baƙar ƙasa, shi ya yi suna da ganye mai yaji da ƙarfi. A shekarun 1990 kasuwar ta bunƙasa a Amurka, bayan fitowar mujallar Cigar Aficionado a 1992, sai ƙananan tambura suka yi ta ɓullowa. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne Tatuaje, wanda Pete Johnson ya fara a 2003 tare da gwanin naɗi ɗan Kyuba, Pepin Garcia. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawan masu waɗannan tambura ba su da gona, ba su da masana'anta. Suna zaɓar haɗin ganye ne, su ba wata masana'anta kwangilar naɗawa, su maƙala zobensu. Kuma ba wata doka da ta ƙayyade wane ne ƙaramin mai sana'a. Kowa na iya laƙaba wa kansa sunan.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu, mu da muke maƙwabtaka da Kamaru. Ɗaya daga cikin rigunan waje mafi daraja a wannan kasuwa a gabashin Kamaru ake noma ta, wajajen Baturi, da kuma tsallaken iyaka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Irin daga tsibirin Sumatra aka kawo shi. Ganyen siriri ne, mai ƙananan ƙuraje a fuska, da ɗan zaƙi a harshe, kuma kamfanin Arturo Fuente na lulluɓe wasu fitattun tabobinsa da shi. Ƙananan manoma ne ke nomawa, a fitar da shi ƙetare, a naɗe a wata nahiya, sannan kara ɗaya ya kai dala 10 ko fiye. Ku auna wannan da mudun masara a kasuwar Mubi.

Yanzu ga maganar huhu. Karan sigari bai cika wuce giram 1 na taba ba. Babbar tabar naɗi tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, wato wata ita kaɗai ta kai kwalin sigari guda, kuma ana iya shafe awa ɗaya zuwa biyu ana shanta. Hayaƙin sigari sai ya isa huhu nikotin ke shiga jini sosai. Na tabar naɗi ba ya bukatar haka, saboda yanayinsa irin na kanwa ne, fatar baki ke tsotse nikotin ɗin kai tsaye. Tsofaffin da ke haɗa garin taba da kanwa su cusa a leɓe sun daɗe da sanin wannan a aikace, ko da ba su san dalilinsa ba. Mai cewa shi a baki kawai yake riƙe hayaƙi, to a bakin ne abin ke shiga.

Wanda bai saba ba yakan gane haka tun kafin ya kai rabi. Kai ya fara juyawa, zufa mai sanyi ta keto a goshi, shaƙuwa ta taso, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya hautsine, wani har da amai. Abokai za su ce ai haka take yi wa kowa a farko. Wannan gubar nikotin ce ta yi wa jiki yawa. A ajiye tabar nan take, a fita inda iska take, a zauna, a sha ruwa. In ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti, musamman ga mai hawan jini ko ciwon zuciya.

Illar da ta fi tsorata ni ita ce mai zuwa a hankali. Ruɓin nan da ke gyara ɗanɗano shi ke ƙara yawan wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji. Cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta fitar da babban rahoto a kan wannan taba a 1998, kuma an tabbatar tana jawo dajin leɓe da harshe da maƙogwaro da hanyar abinci, ko an ja hayaƙin ciki ko ba a ja ba. Wanda ya saba da sigari kuwa da wuya ya iya hana kansa ja, sai ya haɗa da ciwon huhu da na zuciya. Hayaƙin da ke tashi daga bakin tabar yakan cika ɗaki, matar gida da yara su shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, ciki har da waɗanda ba su taɓa kunna ta ba. Naɗin hannu bai rage ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin gubar a ganyen take, ba a injin ba.

Ko ta fuskar kuɗi ma, mai saye a nan yana cikin kasada. Tabar naɗi tana son laima kusan kashi 70 cikin ɗari, shi ya sa ake ajiye ta a akwatin katako na musamman. Iskar hunturun Mubi kwana kaɗan take bukata ta busar da ita, rigar ta tsage, ta riƙa ci da wuta da zafi da ɗaci. Zafin Maris da Afrilu kuma yana ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke huda ganyen. Ga jabu: sunan Cohiba na Kyuba na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, kuma in an farke na jabun akan tarar da ɓarɓashin ganye da sharar ƙasa.

Doka ba ta ware ta ba. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kowace irin taba, ta hana tallarta, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a kamar makarantu da asibitoci da motocin haya. A ɓangaren addini, malamai da yawa a yau suna haramta taba, wasu su ce makaruhi ce, ɗariƙar Tijjaniyya kuwa ta daɗe da hana mabiyanta.

Wanda ya riga ya saba da ita, ko da garin taba na leɓe, ya riƙa duba bakinsa a madubi. Gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, farin tabo ko ja a harshe ko cikin kunci, dasashewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya, ko kumburi a wuya, duk ba na jira ba ne. A nuna wa likita a Mubi, in ya ga da bukatar ɗaukar ɗan nama a gwada, zai tura mutum asibitin koyarwa na Yola.