Mura Mai Canza Riga

Lokacin hunturu, idan iska ta taso da ƙura, mura takan yi yawa a gari. Wata ba ta da ƙarfi, kwana biyu ko uku ta wuce. Amma akwai wadda take zuwa da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da tari. Ita ce ake kira grippe da Faransanci. Takan kwantar da ƙato, tana kuma iya kashe tsofaffi da jarirai.

Wata ƙwayar cuta ce mai suna birus take kawo ta. Ƴar mitsitsiya ce, ido ba ya ganinta, kuma ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Jikin mutum kuwa da ƴan ƙananan ɗakuna aka gina shi. Idan birus ta shiga hanci ko maƙogwaro, sai ta kutsa cikin ɗaya daga ɗakunan nan. Tana ɗauke da zare guda 8, masu bayanin yadda ake ƙera ta. A cikin ɗakin za a yi ta kwafar wannan bayani, ana ƙera sababbin ƙwayoyi barkatai.

To, wajen kwafar nan ake yin kuskure. Kamar ɗan makaranta ne mai gaggawa, wanda ba ya sake duba rubutunsa. Ya tsallake harafi, na kusa da shi ya kwafa daga littafinsa, shi ma ya ƙara nasa kuskuren. Yawancin kurakuran ba sa amfanin ƙwayar, wasu ma lalata ta suke yi. Amma jefi-jefi akan sami wanda zai canza mata riga.

Jiki yana da dakaru masu tsaronsa, kuma da riga suke gane birus. Allurar rigakafi tana nuna musu rigar tun ƙwayar ba ta zo ba. Birus ta ƙyanda ba ta iya ɓad da kama, shi ya sa allurarta take tsare yaro har girmansa. Ta mura kuwa, rigar bara daban, ta bana daban.

Saboda haka likitocin ƙasashe da yawa suke tattara ƙwayoyin mura, suna aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana sukan zauna su zaɓi irin da suke zaton za su yaɗu. Yawanci a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayoyin da za a yi allurar da su. Aikin yakan ci wajen wata 6. Wani lokaci kafin a gama, ƙwayar ta sake canzawa. Ko da hakan ta faru, allurar takan rage tsananin ciwon.

Tsuntsaye da aladu ma suna da tasu murar. Idan birus iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, suna iya musayar zare, a sami sabuwa wadda jikin mutane bai san ta ba. Haka aka yi a 2009: wata mura ta ɓulla a Meksiko, cikin ƴan watanni ta gama duniya. A 2006 kuma murar tsuntsaye ta shigo Nijar, aka fara ganinta a Magariya. Idan kaji suka fara mutuwa a gida, kada yara su taɓa su. A je a faɗa wa likitan dabbobi.

Tambayoyi
1. A ina birus take hayayyafa?
2. Don me ake sabunta allurar mura kowace shekara?
3. Me ya kamata a yi idan kaji suna mutuwa a gida?