Kaka Ta Yi, A Kai Yara Gona

Muna cin tuwon shinkafa da miyar taushe a gida, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, sai ɗan ƙanena mai shekara tara ya ɗago kai ya ce, "Baffa, shinkafar kamfani da ta gona wacce ta fi daɗi?" A zatonsa iri biyu ce, ɗaya injin ne ke ƙera ta kamar taliya, ɗaya kuma ƙauyawa ke tonowa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tuwon bai ƙara yi mini daɗi ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa fadamar Dukku ko rabin awa ba a yi. Yaron nan an haife shi a jihar da duk Nijeriya ke yi wa kirari da shinkafa, bai taɓa riƙe zangarniyarta ba.

Laifinmu ne, ba nasa ba. A Amurka, idan watan Oktoba ya kama, magidanci kan kwashi iyalinsa ya biya kuɗin shiga gonar wani, don kawai yara su zaɓi kabewa da hannunsu, su hau bayan tarakta, su shafa jikin awaki. Mu da gonar ke bayan gida, kuma mai ita kawu ne ko suruki, sai lokacin kaka ya zo ya wuce muna cikin gari muna ƙorafin tsadar buhu.

Kaka a kwarin Rima ba rana ɗaya ba ce, ba ma wata ɗaya ba. Gero ne ke buɗe ta, wajen Satumba, a gonakin tudu. Kafin a kai ga girbi akwai tumu, wato sabon geron da bai gama bushewa ba, a gasa shi a garwashi a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayi. Wanda ya taso a karkara ya san ƙamshin nan shi ne busharar cewa yunwar tsakiyar damina ta kau. Sai wake da gyaɗa su biyo, sai dawa da maiwa idan hunturu ya fara leƙowa. Can a fadama kuwa shinkafar damina tana jiran ruwa ya janye, a shiga da lauje a Nuwamba da Disamba. Ba a gama sheƙe ta ba an fara zuba irin noman rani, wanda za a yanka kafin ruwan fari. A tsakanin waɗannan kuma akwai wata kakar da ba a shuka ta ba, ta kifi.

A nan bikin Argungu ke shigowa. Yawancin mutane hoto ɗaya suka sani: dubban masu su sun auka cikin Matan Fada da homa da gora, ana neman wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. Amma asalin abin kalandar manoma da masunta ce. Kabawa na dauri suna da gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa, kowanne da lokacinsa a shekara. Shan kabewa na kaka ne, a taru a yi godiya kan sabon amfani. Fashin ruwa shi ne ranar da Sarkin Ruwa ke ba da izinin shiga ruwan da aka hana taɓawa wata da watanni, kuma hanin nan shi ke ba kifi sukunin hayayyafa da girma. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa, bayan doguwar gabar da ta shiga tsakanin Kabi da Sakkwato. Daga nan bikin ya ɗauki kamannin da muka sani. A 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, a lokacin ma an riga an dakatar da shi, sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sannan ya dawo a watan Maris na 2020.

Ga shawarata ga mai zuwa da yara: ranar babban su ba tasu ba ce. Cunkoso ne da ƙura da rana, kuma a cikin awa guda an gama. Kwanakin da ke gabanta sun fi amfani, lokacin da ake kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren jirage da nutso da kamun agwagwa, da kuma baje kolin amfanin gona, inda ƙananan hukumomi ke jera abin da ƙasarsu ta bayar. Idan rana ta take a shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka gina a 1831, a nuna musu kayan yaƙi da na su da na noma.

Sai dai Argungu sai Fabrairu ko Maris, kuma kallo ne. Gona kuwa hannu ake sawa.

Makon da ya biyo bayan tambayar nan na ɗauki yaron da ƙannensa biyu muka nufi wajen Zauro, gonar wani dattijo abokin mahaifinmu. Mun tarar ana bugun shinkafa. An shimfiɗa tamfol, an kwantar da ganga a tsakiya, samari na ɗaukar dami suna maka shi a jikinta, ƙwaya na zuba. Gefe guda mata na sheƙe da ƙwarya, iska na kwashe ƙaiƙayi. Na ce, "Sannunku da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa ɗana, yau ka tuna hanya? Kawo mini abokan nawa." Ya kama hannun babban ya damƙa masa zangarniya ɗaya, ya ce ya ƙirga ƙwayoyin. Yaro ya ƙirga ya ɓata, ya sake. Dattijo ya ce, "To duk wannan daga ƙwaya guda ta fito. Ka ga wanda ya zubar da loma ɗaya, gona ya zubar."

Ya kuma nuna musu jar shinkafa ta gargajiya da ya bari a wani lungu mai zurfin ruwa. Wannan ba baƙuwa ba ce. Masana sun tabbatar cewa a yankin kogin Kwara na ƙasar Mali aka fara noma irinta, shekaru dubbai da suka wuce, tun kafin farar shinkafar Asiya ta iso Afirka ta Yamma. Halinta shi ne idan ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo, kanta na bisa ruwa. Ba ta cika buhu kamar Faro 44 da masu noman rani suka runguma, shi ya sa take ja da baya, amma ranar ambaliya ita ake tunawa. Ambaliyar 2020, wadda hukumomi suka ce ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar, har yau manoma na kafa tarihi da ita.

Mutanen gari sun fi sanin labarin shinkafar Kebbi ta bakin gwamnati: shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a nan a Nuwamba 2015, da Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, da masana'antar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk gaskiya ne. Amma a bakin masussuka hirar daban ce: kuɗin taki, kuɗin man injin ban ruwa, da tsuntsayen jan-baki da kan sauka kamar hadari su cinye wahalar wata huɗu a yini guda. Yaro ya ji wannan da kunnensa ya fi masa karatu goma a aji.

Akwai darasin da ban shirya ba. Da aka fara awo, dattijo ya sa a ware buhu ɗaya cikin kowane goma. Ƙaramar ta ce, "Kaka, wannan na waye?" Ya ce na Allah ne. Zakkar amfanin gona ke nan, da yara ke haddacewa a Islamiyya ba su taɓa ganin an fitar ba: idan amfani ya kai nisabi, ushiri ne ga wanda ruwan sama ko na gulbi ya shayar ba wahala, rabin ushiri ga wanda aka shayar da inji. Bayan masu yanka kuma ga tsofaffi mata na bi suna kala, ba mai hana su.

Shagalin kaka bai mutu ba, ya dai ja da baya daga birni. Kalankuwa, inda samari da 'yan mata ke raba sarautun wasa su kwana ana kiɗa, yanzu sai an bincika. Dambe da kokawa kuwa, waɗanda da can sai an cika rumbu ake kafa filinsu, sun zama sana'ar kowane lokaci, duk da cewa tsofaffi na cewa damben kaka daban yake, irin na zamanin Shago da mawaƙinsa Ɗan'anace. Wanda ke son ganin bikin kaka da ransa a jihar nan ya nufi Zuru lokacin Uhola, bikin godiyar Lelna, wanda a cikinsa ake yaye samarin da suka kammala golmo, noman da ake yi wa gidan surukai kafin aure.

Gona ba filin wasa ba ce, a kula. A tafi da sassafe, a sa wa yara takalmi rufaffe, kada su cusa hannu ƙarƙashin dami ko tarin kara, nan kububuwa da kunama ke fakewa. Kada a bar su su yi wanka a kududdufin fadama komai nacinsu, domin tsargiya a irin ruwan nan take, kuma sai bayan makonni za a ga jini a fitsari. Gonar da aka yi wa feshi kwanan nan a kauce mata. Idan sai an tsallaka gulbi, jirgin da aka cika maƙil a bar shi ya wuce. Kuma kada a je hannu sake: goro, ko sukari, ko sabulu, gwargwadon hali. Idan za a sayi wani abu a saya a farashinsa, manomi ba ya bukatar ɗan birni ya zo har gonarsa ya taya shi da rahusa.

Da la'asar muka kamo hanya, but ɗin mota da rabin buhun shanshera da kabewa biyu da dattijo ya rantse sai mun ɗauka. Yaran duk sun yi fururu, ƙaiƙayi na cin su, uwarsu ta yi mini faɗa a kan haka. Zangarniyar nan kuwa babban bai yar ba. Ya murje ta a gwangwanin madara, ya ce wa uwarsa kada kowa ya taɓa, zai shuka a bayan ɗaki kusa da famfo.